A Bar Mai Jan Mayafi a Bakin Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama. 'Yan kwamitin kula da ɗakin karatu, waɗanda ƙuri'ar da za su kaɗa ce ta tara mu a nan. Shugabar ma'aikatan wannan gida da abokan aikinta. Baƙuwarmu mai gyaran tsofaffin zane-zane, wadda ta baro nata gida ta zo ta tare a namu. Malamarmu da ke zaune a layin gaba. 'Yan'uwana ɗaliban ajin zane. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. Har da waɗanda suka shigo karanta jarida suka tarar an jera kujeru, suka ji nauyin komawa: ina yi muku barka da yamma.

Ina gode wa shugaba da ya ba ajinmu damar magana kafin a kaɗa ƙuri'a, ba bayan an kaɗa ba. Ina gode wa ma'aikatan wannan gida, da suke haƙuri da mu duk Asabar, muna jan benci muna ɗiga musu fenti a ƙasa, ba su taɓa rufe mana ƙofa ba. Ina kuma gode wa 'yan ajinmu da suka wakilta ni, ko da yake na san dalilinsu. Ba don na fi su iya zane ba ne, sun dai gaji da jin surutuna su kaɗai.

Ga abin da ke gabanmu, don wanda ya shigo yanzu ya san inda aka kwana. Babban zanen nan da ke rataye a bayan shugaba, na kogi da tuddai da matafiya, shi ne abu mafi daraja a wannan gida, kuma a gabansa ajinmu yake koyo. A cikinsa, can ƙetaren ruwa, akwai wata mace a tsaye da jan mayafi. Bincike ya nuna ba Gwanin da ya yi zanen ne ya zana ta ba, wani hannu ne ya ƙara ta daga baya. Yau kwamiti zai yanke ko a goge ta ko a bar ta. Ajinmu ya turo ni in roƙa a bar ta.

Ni tsohon ɗan jarida ne. Mafi yawan shekarun aikina a teburin tace labarai na yi su, da jan biro a hannu, ina cire duk abin da wani ya cusa cikin labarin da ba nasa ba. Saboda haka na san nauyin hujjar masu cewa a goge ta. Sun ce aikin Gwani aikin Gwani ne. Sun ce bai kamata a ci gaba da jingina masa abin da bai yi ba. Sun ce waɗanda za su zo bayanmu suna da haƙƙin ganin abin da mutumin ya bari yadda ya bar shi. Ban zo in raina ko ɗaya ba. Na zo in ajiye wasu abubuwa a gefensu, kwamiti ya auna.

Na farko, yadda muke koyo a gaban wannan zane.

Ranar da mutum ya fara zuwa aji, Malama ba ta ba shi buroshi. Benci take nuna masa, ta ce, "Zauna, ka shiga." Ni na tambaye ta ta ina ake shiga. Ta ce, "Ta inda hanya ta fara mana, Edita. Ko a jarida ma daga tsakiya kake fara karatu?"

Sai na zauna. Hanyar tana farawa daga kusurwar hagu ta ƙasa, siririya, jiƙaƙƙiya, kamar ba a daɗe da ɗauke ruwa ba. Da farko fenti kake gani, da 'yan tsage-tsagen da tsufa ya yi masa. Can sai ƙarar fankar da ke bisa kanka ta fara kama da ƙarar ruwa a kan duwatsu, ƙamshin tsofaffin littattafai ya koma ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, ka ji sanyin ciyawa a idon sawunka. Kana tafe, ka wuce wasu maza biyu da amalankensu ya kafe a laka, ɗaya ya sa kafaɗa, ɗaya yana ba da umarni. Ka wuce wata tsohuwa da ta shanya wanki a kan duwatsu, ta zauna tana jiran rana ta yi mata sauran aikin. Ka gangara inda kogin ya yi faɗi ya rage zurfi. Bayan ruwan akwai tudu, bayan tudun akwai wani da ya fi shi shuɗi, bayan wannan kuma ba ka iya rantsewa ko tudu ne ko gajimare. A ƙetaren, daidai inda hanya ta sake fitowa daga ruwa, ga ta nan tsaye da ɗan ƙunshi a hannu, ba a san ko yanzu ta haye ba ko yanzu za ta shigo. Duk wanda ya shiga zanen nan wajenta yake nufa, kuma ban san wanda ya taɓa isa ba. Kafin ka tsoma ƙafa a ruwa Malama ta tafa hannu, ta ce lokaci ya yi, a mayar da benci.

Ƙasa da sama ba su cika ba mu wahala ba. Kowa yana iya shafa kore a ƙasa, ya shafa shuɗi a sama. Wahalar tana farawa ne ranar da aka ce ka sa mutum a tsakaninsu.

Akwai wani dattijo a ajinmu, ga shi can kusa da taga, da ya yi shekaru yana tuƙa motar haya, Direba muke ce masa. Shi mutanensa shawagi suke yi. Zai zana musu takalma har da igiya, amma sai ka ga kamar iska tana wucewa tsakaninsu da ƙasa. Malama ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Direba, fasinjojinka har yanzu ba su sauka ba." Ya ce, "Malama, ba mu iso tasha ba ne." Ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban zanen, ta ce ya nuna mata ƙafa guda da Gwani ya zana. Ya duba masu amalanke, laka ta haɗiye nasu. Ya duba tsohuwar, ciyawa ta cinye nata. Abin da ya samu kawai ɗan duhu ne a ƙarƙashin kowa, bai kai faɗin farce ba. Wannan ɗan duhun shi ne ƙusar da ke riƙe mutum a ƙasa. Ranar muka koyi cewa in kana son mutum ya tsaya a wuri, sai ka bar wurin ya ci wani abu daga jikinsa.

Akwai kuma Mai Kemis, wadda aikinta ya saba mata da karanta ƙananan rubutu. Ita in ta zana mutum, ko yana can gindin tudu ne, sai ta yi masa ido da gira da haƙora. Wata rana da aka kusa tashi, Malama ta ja ta bakin ƙofa, ta nuna mata ƙarshen titi.

"Wancan da ke tahowa wane ne?"

"Maigidana ne, ya zo ɗaukata."

"Kin ga idonsa?"

"Daga nan? A'a."

"To da me kika gane shi?"

"Da wannan tafiyar tasa ta wanda aka tasa daga barci."

Malama ta ce, "To tafiyar za ki zana, ki bar masa idonsa."

Ni kuwa nawa mutanen a miƙe suke fitowa, sambal, a jere, tazara ɗaya tsakanin kowa da kowa. Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Edita, turakun lantarki ka kafa. Saura waya." Ta nuna min cewa a zanen Gwani ba wanda yake tsaye haka kawai, kowa ya karkata wajen abin da yake yi, ko wajen abin da yake jira.

Darasi na ƙarshe shi ne na iska. Tsakaninka da wanda yake nesa akwai iska, kuma iska tana da launi. Gwargwadon nisan mutum, gwargwadon yadda shuɗin tuddai yake shiga rigarsa, har ya kai inda ba ka raba shi da wurin da yake tsaye.

To, jama'a, duk waɗannan ƙa'idoji mai jan mayafi ta karya su. Jan mayafinta ya yi ƙarfi a nisan da take. Ƙafafunta a fili suke, kuma in ka lura ba su gama taɓa ƙasa ba. An yi ƙoƙarin yi mata ido. Shekara da shekaru Malama tana kai ɗalibai gabanta tana cewa, "Nan ne kaɗai Gwani ya saɓa wa kansa, kuma ban san dalilinsa ba." Mu kuwa muna son ta, zan kuma faɗi dalili ba tare da kunya ba: a duk zanen, ita kaɗai ce in muka kwaikwaya take fitowa daidai.

Na biyu, abin da binciken ya nuna, don kada a ce na ɓoye wani abu.

An gayyato baƙuwarmu ne saboda man da aka shafa a saman zanen don kare shi ya tsufa ya yi rawaya, har sararin sama ya fara kama da ruwan shayi. Wata rana da hantsi ta sa aka saki labulayen wannan ɗaki, ta kunna wata fitila mai haske shuɗi-shuɗi, ta ce mu matso. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Zanen gaba ɗaya ya ɗauki wani haske mai laushi, kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa. Tuddan suka yi fari-fari, masu amalanke suka koma kamar mutanen mafarki. Wuri ɗaya ne ya ƙi ɗaukar hasken. Mai jan mayafi ta tsaya baƙi ƙirin a tsakiyar wannan haske. Baƙuwarmu ta yi mana bayani cewa tsohon fenti da wanda aka ƙara daga baya ba sa amsa wa fitilar iri ɗaya.

Duk muka juya wajen Malama, don mun san abin da matar nan take a wajenta. Sai muka ji ta yi dariya a hankali, ta ce, "Ashe 'yar ajinmu ce."

Daga baya aka ɗauki hoton zanen da na'ura irin wadda asibiti ke duba ƙashi da ita, don a ga abin da ke ƙarƙashin matar. Da yawa daga cikinmu mun zaci ruwa ne ko ciyawa, wato Gwani ya gama aikinsa, wani mai ƙarfin hali ya zo ya ɗora masa mace a kai. Ba haka hoton ya nuna ba. A ƙarƙashinta ba komai sai farin ƙyalle. Gwani ya zana ruwa ya zo ya tsaya. Ya zana ciyawa ta kewaye. Ya zana tudu ya sauko ya dakata. Ya bar gurbi a tsakiya mai siffar mutum, da ɗan siririn layin gawayi inda kafaɗa za ta kasance. Ya bar wuri, bai cike ba. Ko ciwo ne ya hana shi, ko tafiya, ko ajali, ko kuwa yana jiran ranar da hannunsa zai yarda, ba mu sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba.

Na tambayi baƙuwarmu ra'ayinta. Ta ce, "Baba, aikina in gaya muku abin da ke ciki. In kun ce in cire ta, zan cire ta ba tare da na taɓa nasa ba. In kun ce in bar ta, zan ƙarfafa fentinta ta daɗe. Amma abu ɗaya ne ba zan iya ba: in na cire ta ba ta dawowa."

Shawarar da ke gaban kwamiti ita ce a cire ta a bar gurbin fari, yadda Gwani ya bari. Shawara ce ta masu mutunta aiki. Sai dai ina roƙon ku tuna da wani mutum da ba mu san sunansa ba. Wani ya taɓa tsayawa inda muke tsayawa duk Asabar, gaban wannan farin gurbi, da buroshi a hannu. Wataƙila almajirinsa ne na sana'a, wataƙila 'yarsa ce, wataƙila wanda ya ci gadon zanen ne ya kasa zama da rami a bangonsa. Ya kalli yadda Gwani ya yi masu amalanke, ya kalli yadda ya yi tsohuwar, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi kuskuren Direba a ƙafa, ya yi kuskuren Mai Kemis a ido. Shi ne ɗalibi na farko da ya koyi sa mutum a cikin ƙasa daga wannan zane, kuma aikinsa na aji yana nan a manne da na malaminsa. Na ga zane-zanen gwanaye a littattafai da yawa. Ban san wani da yake ɗauke da darasi da amsar ɗalibi a ƙyalle ɗaya kamar wannan ba.

Na uku, kuma a nan zan saɓa wa Malama a gaban jama'a.

Da yawa a cikinku sun san idonta yana ja baya, kuma likitoci sun ce irin wanda ba ya dawowa ne. Tuddan sun daɗe da ɓace mata. Masu amalanke sun zama duhu guda. In ta zauna a bencinta yanzu, abu ɗaya take gani a duk faɗin zanen nan, ɗigon ja a tsakiyar hazo. Daga wannan ɗigon take auna sauran. Ta ce wa ɗalibi, "Daga jan nan ka yi hagu kamar taƙi ɗaya, ka sauko, za ka tarar da tsohuwar," kuma ba ta kuskurewa. Ranar da aka goge jan nan, ranar Malama za ta daina koyarwa a gaban wannan zane. Da na ce mata zan faɗi haka, ta ce, "Kada ka kuskura, Edita. Idona ba hujja ba ne. Ba a ajiye kuskure a bango don wata tsohuwa ta ji daɗi." Ga shi na faɗa, ga ta can tana girgiza kai, zan karɓi hukuncina ranar Asabar. Amma tana da gaskiya, kuma ina roƙon kwamiti kada ya kaɗa ƙuri'a don tausayi. Na faɗa ne don ku san abin da ke kan ma'auni, kuma don ku fahimci abin da ya biyo baya.

A makon nan baƙuwarmu ta fara wanke rawayan man, kaɗan-kaɗan, da auduga a bakin tsinke. Malama tana zaune kusa da ita, tana sauraron aikin tunda ba ta ganinsa. Can sai ta ce, "'Yata, in ba zai ɓata miki tsari ba, sauko ki wanke min ruwan da ke gaban mai jan mayafin. Gwani ba ya zana ruwa shi kaɗai. Duk abin da ke bakin ruwa sai ya sa shi a ciki tun fentin yana ɗanye."

Baƙuwarmu ta sauko da audugarta. Muna tsaye a bayanta, ni da Direba. Rawayan ya riƙa tashi, ruwan ya riƙa buɗewa, shuɗi, toka-toka, da fari-farin kumfa. Sai ga wani abu a tsakanin igiyoyin ruwan, 'yan shafe-shafe marasa ƙarfi, a karye, suna rawa, daidai ƙarƙashin inda matar take tsaye. Baƙuwarmu ta ajiye audugar, ta sa aka saki labule, ta haska fitilarta. Shafe-shafen suka ɗauki haske tare da sauran zanen. Hannun Gwani ne. Inuwar matar ce a cikin ruwa. Ya zana inuwar, bai kai ga zana mai inuwar ba.

Malama ta ce, "Akwai?"

"Akwai, Mama."

"Wane launi?"

"Ja ne."

Malama ta ce, "To, Edita, wannan kana iya faɗa musu."

Mai girma shugaba, 'yan kwamiti, wanda ya cike gurbin nan bai zaɓi ja don son ransa ba. Ya sunkuya ya duba ruwan, ya ga abin da malaminsa ya bari, ya bi. Hannunsa bai kai ba, amma idonsa ya karanta daidai. In muka cire ta yau, ba za mu koma ga zanen da ya cika ba. Za mu koma ga kogin da yake nuna wata mace da ba ta nan.

Saboda haka ajinmu yana roƙon a bar ta, a ƙarfafa fentinta. A rubuta gaskiya a ƙaramin allo a gefen zanen, ba ƙari ba ragi: hannu biyu ne, na Gwani da na wani da ba a sani ba. A rataya hoton na'urar kusa da shi, don duk mai son ganin gurbin yadda aka bar shi ya gani da idonsa. Ta haka ba a jingina wa Gwani abin da bai yi ba, ba a kuma goge abin da ba a iya mayarwa ba. Kafin ku kaɗa ƙuri'a, ina roƙon ku juyo da kujerunku, ku dubi ɗan wurin da aka wanke a ƙasan ƙafafunta. Ruwan ya riga ya gan ta tun kafin a zana ta.

Allah Ya ba kwamiti basirar yanke abin da ya fi. Allah Ya jiƙan Gwani, Ya jiƙan wanda ya tsaya a gaban gurbinsa da buroshi. Allah Ya saka wa baƙuwarmu da alheri, Ya sa albarka a hannunta. Allah Ya ƙara wa Malamarmu lafiya, Ya haskaka mata abin da ya rage. Allah Ya tsare wannan gida da masu shigarsa, Ya mai da kowa wajen iyalinsa lafiya.

Na gode.